Rabin Maganin Baba Mai Agogo

Sista ta zazzage ƙwayoyi huɗu a tafin hannunsa, ta tura masa kofin ruwa, sannan ta sunkuyar da kai kan katinsa kamar yadda ta saba. Sai dai yau ba katin take kallo ba. Gilashin kabad ɗin magani da ke gefenta take leƙe ta wutsiyar ido, inda tsohon ya fito tar, da hularsa, da takunkumin da ya saukar zuwa haɓa.

Baba Mai Agogo ya yi bisimilla, ya kai hannu baki, ya ɗaga kofi. A ɗan tsakanin nan babban yatsansa ya motsa, ƙwaya biyu suka gangara cikin naɗin hannun rigarsa. Yatsun da suka shekara arba'in suna tsintar ƙusoshin agogo waɗanda ido ma da ƙyar yake ganinsu, ina ƙwayar magani za ta gagare su? Ya kurɓi ruwa, ya yi hamdala, har da ɗan yamutsa fuska irin ta wanda ya haɗiye huɗu cif.

Sista ta ga komai. Ba ta ce komai ba, domin akwai mutum goma sha ɗaya a kan benci suna jiran layi, kuma ba za ta tozarta dattijo a gabansu ba. Ta yi alama a katin. Shi kuwa ya miƙe, ya dubi agogon bango, ya gaya mata agogon ya sake yin latti da minti uku, ya fita yana tari.

Aikinta a wannan ƙaramin asibiti na hukumar birni ba shi da wani ruɗani. Mai tarin fuka ya zo kowace safiya, ta ba shi magani kyauta, ta ga ya haɗiye da idonta, ya buɗe baki ta duba, sannan ta yi alama a kati. Haka har wata shida. Direbobi ta sa sun buɗe baki, mahauta ta sa sun ɗaga harshe, akwai wani ƙaton ɗan dako da ya taɓa yi mata tsawa, ta tsaya a kansa har sai da ya yi. Amma Baba Mai Agogo sa'an mahaifinta ne. A makon farko ta duba shi, ya wangale mata baki yana tsokanarta wai ta ƙirga masa haƙoran da suka rage, sai kunya ta kama ta. Tun daga ranar, da ya kai hannu baki sai ta kawar da kai. Mutumin da ke riga mai shara isowa, wa zai zarge shi?

Jiya ne sakamakon gwajin kakinsa na wata biyu ya dawo. Cutar na nan daram, ga nauyinsa ya ragu maimakon ya ƙaru. Likita ya tambaye ta ko tana ganin yana haɗiyewa, ta ce e, amma e ɗin bai zauna mata ba. Ta san sauran bayanin ko ba a yi mata ba: mai shan rabin magani koya wa cutar taurin kai yake yi, in kuwa ta koya, sai an koma wani magani mai tsawo da wahala, wanda jikin tsoho ba lallai ya ɗauka ba. Wato dai kunyarta tana neman kashe shi.

Da ta sallami na ƙarshe a layi, ta bar wa abokiyar aikinta mabuɗin kabad, ta rataya jaka, ta nufi tashar mota. Can gefen masu sayar da katin waya yake kafa teburinsa, akwatin gilashi ƙarƙashin wata lema da rana ta cinye launinta. Ta same shi da madubin aiki maƙale a ido ɗaya, yana tonon cikin wani agogon hannu.

Ya yi mata maraba da fara'a, ya share mata kujerar masu jira, ya tambaya ko agogon bangon ne ya ƙarasa mutuwa. Ta zauna, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta miƙa hannu.

“Baba, ba ni biyun nan na safe.”

Ya ce wane biyu. Ya ce ita dai 'yan boko da zargi. Ya juya zancen ya koma kan tsadar batir. Ita kuwa hannunta na nan a miƙe, ba ta janye ba, ba ta ɗaga murya ba. Can sai ya cire madubin daga idonsa, ya ajiye a hankali, ya zaro wata 'yar takarda a ƙulle daga aljihu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Manaja ce ke tari,” in ji shi.

Manaja matarsa ce. Haka yake kiranta, kuma duk wanda ke zama a bencin asibiti ya san labarinta, ita ce ta hana shi shan shayi mai sukari, ita ce ta ce hular nan ba ta yi masa kyau. Ranar da aka buɗe masa kati, Sista ta ce ya kawo duk wanda suke kwana ɗaki ɗaya a gwada shi, ya ce ai Manaja ta tafi wajen danginta sai bayan wata da watanni. Ashe tana gida. Ashe mako biyu da fara maganinsa ita ma ta fara tari, da zazzaɓin yamma da gumi da ƙin abinci, duk irin nasa. Ya roƙe ta ta zo asibiti har ya gaji. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonta da ƙofar kowane asibiti, tun ranar da 'yarsu tilo ta shiga haihuwa ba ta fito ba.

“To ni ya zan yi, 'yata? In haɗiye huɗu in koma in same ta tana tari? Shekara arba'in da uku ban taɓa cin abu ni kaɗai ba.”

Haushi da tausayi suka haɗu mata. Ta so ta yi masa faɗa irin wanda take yi wa direbobi, amma ta rasa ta inda za ta fara. Ta dai gaya masa gaskiya ba tare da ta sa mata zuma ba, cewa biyu ba sa warkar da shi, biyu ba sa warkar da ita, cutar kawai suke ƙara wa ƙarfi. Ta kuma gaya masa laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, da ta yi aikinta da tun tuni an gano. Sannan ta ce ya rufe akwati, gida za su. Ya yi gargaɗin cewa Manaja ba ta da daɗin baki, ta ce ita ma ba ta da shi.

Bas ɗaya suka hau, suka sauka a bayan wata makaranta. Gidan haya ne mai hawa uku, su suna can sama, matakalar kuwa ƙunci gare ta ga duhu. Sau biyu yana tsayawa ya dafa bango kafin su kai. Ciki da falo ne, tsaf-tsaf, bango cike da agogunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba, kowanne da lokacin da yake faɗa. Tagogi a rufe gam, an ma toshe ƙasansu da tsumma wai kada sanyi ya shigo wa mai tari. Sista ta gyara takunkuminta, ta yi sallama, kafin ta zauna sai da ta buɗe su duka.

Manaja na kishingiɗe a kan doguwar kujera, 'yar siririya, idanunta a waje amma da kaifinsu. Ta amsa gaisuwa, ta dubi farar rigar Sista, ta dubi mijinta, ta ce lallai, an kama ɓarawo ke nan. Daga nan ta hau shi da faɗa, wai ya kawo baƙuwa gida ko lemo babu. Sista ta ce ba ta jin ƙishi, Baba kuma ya sha hawa, amma Manaja ta kafe sai ya sauka shago. Ya tafi yana gunaguni.

Tana jin takunsa ya yi nisa, sai ta ce Sista ta miƙo mata wata kwalbar man shafawa da ke bayan rediyo. Ta buɗe murfin ta miƙa mata. Ƙwayoyin ne, jajaye, sun kusa cika kwalbar.

“Ko ɗaya ban sha ba,” in ji Manaja. “Na san ƙirga masa aka yi. Ni zan haɗiye abin da aka yanko daga ransa?”

Kullum ya dawo zai ba ta da hannunsa, ya kawo ruwa, sai ya juya yana ɗaure agogunansa don ya san ba ta son a kalle ta tana shan magani. Ita kuma sai ta dunƙule su a hannu ta kurɓi ruwa. Lissafinta shi ne ta tara masa, in asibiti sun sallame shi sai ta fito da su ya ƙarasa abinsa. Har tarin take dannewa in yana ɗaki, don ya ga kamar tana samun sauƙi.

Sista ta zauna a bakin kujera da kwalbar a cinyarta. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Wata shida ake cewa a tsare mara lafiya ɗaya, ga shi tsofaffi biyu sun haɗu sun yi mata biyu babu, kowanne yana yaudarar ɗan'uwansa saboda ƙauna. Shekararta tara a aikin nan, ta ga masu zubar da magani a kwata, ta ga masu sayarwa, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Idanunta suka cika, ta bar su.

Ba ta yi wa tsohuwar wa'azin da ke jikin allunan asibiti ba. Ta ce mata daga gobe za ta tsare shi, za ta duba baki da hannu da aljihu, amma ta san shi, muddin yana jin tarin nan a ɗakinsa sai ya nemo wata dabara. Hanya ɗaya ce zai haɗiye huɗunsa da zuciya ɗaya, ita ce ya ga an zuba wa matarsa nata.

“Mama, ba don kanki nake roƙonki ba. In kin zauna a nan, shi za ki rasa.”

Manaja ta yi tari mai tsawo, wannan karon ba ta danne ba. Da ya lafa, ta ce a kan benci aka bar ta ranar da 'yarta ta shiga haihuwa, tun safe har la'asar, ba wanda ya ce mata uffan, daga ƙarshe wata ta fito ta miƙo mata takalman 'yarta a leda. Sista ba ta ce mata ba a mutuwa a asibiti ba, don ƙarya ce, kuma tsohuwar za ta gane. Ta dai ce nasu asibitin ba shi da gado ko ɗaya, ba a kwana. Za ta tofa kaki a ɗan gwangwani, a ɗauki hoton ƙirjinta, ta dawo gida yau ɗin nan. In an samu cutar, safiya ɗaya za su riƙa zuwa da Baba, benci ɗaya, kuma ita da kanta za ta tsaya tare da ita har a gama.

“Matakalar nan fa? Rabona da ita tun kafin in kwanta.”

“Ɗaya-ɗaya za mu bi ta.”

Tsohuwar ta nuna ƙusar da mayafinta ke rataye. Sista na taimaka mata sa takalmi ta riƙo wuyan hannunta, da ƙarfin da ba a zata ba, ta ce sharaɗi ɗaya: kada ya ji labarin kwalba. Yana ganin ya yi mata wani abu, in ya san a banza ya yi ta rage wa kansa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sista ta ce likita dole ya sani, don da shi za a san abin da za a ba kowannensu. Amma Baba, ba daga bakinta ba. Ta murɗe murfin, ta jefa kwalbar a jaka.

Ya dawo yana haki, riƙe da lemo, ya tarar da matarsa tsaye da mayafi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Manaja ta ce ya daina kallonta kamar ya ga baƙuwa, ya ajiye lemon ya kulle ɗaki, kuma ya sauya hular nan.

Suka fara sauka, ita a gaba tana dafe da bango, Sista na riƙe da gwiwar hannunta, shi yana biye. Kowane taki biyar sai an huta. A hawa na biyu Manaja ta zauna a kan matakala tana mayar da numfashi, ta ce kada wanda ya taɓa ta, da kanta za ta tashi. Kuma ta tashi.

Baba Mai Agogo ya matso kusa da kunnen Sista, fuskarsa ta cika da wani farin ciki na yara.

“Kin gani? Watan jiya ko ƙofa ba ta iya kaiwa. Na san na yi laifi, 'yata, amma ko ba komai maganin ya ɗan karɓe ta.”

Sista ta matse jakarta a hammata don kada kwalbar ta yi ƙara.

“A hankali, Baba,” ta ce. “Saura hawa ɗaya.”