Mala'ika Mai Karkataccen Hanci

"Juya shi wajen haske ka gani da kyau," in ji Hartwig daga kan gado.

Ehrenfried bai juya shi ba. Shi ba ya bukatar haske kafin ya gane aikin banza. Guntun icen linde ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, an fitar da riga da fukafukai, fuska da hannaye kuwa ba a taɓa su ba. Fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kamar yadda aka saba.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan katanga ɗaya ce tsakanin gidajen masassaƙan nan biyu, kuma Ehrenfried bai taɓa ganin abin da ya fito daga hannun maƙwabcinsa ya ce madalla ba. Shi ai aikinsa a coci yake tsaye. Hartwig kuwa in ya sassaƙa sarki sai ka rantse mai tallan dankali ne: hannaye kamar burodi, hanci kullum ya karkace hagu. Abin haushin ma, mutumin ko a jikinsa, yana ɓata ice yana fito.

"Na jikata Jette ne, 'yar Kerstin," Hartwig ya ce. "Ka ƙarasa mini."

A garin nan duk ɗa namiji da aka haifa akan sassaƙa masa mahaƙin ma'adinai riƙe da kyandir, 'ya mace kuma mala'ika, a jera su a taga in Kirsimeti ya gabato, mai wucewa ya ƙirga 'ya'yan gida daga titi. Shida ne a tagar Hartwig, na 'ya'ya da jikoki. Yana cikin na bakwai ciwo ya shanye masa hannun dama. Tagar Ehrenfried labule kawai ke gare ta, don shi bai haihu ba.

"Ashe da ranar da za ka san inda gwani yake," in ji Ehrenfried. "To, zan daidaita fukafukan, in yi masa fuska irin ta mutane."

"A'a. Irin tawa za ka yi."

"Har da hancin?"

"Har da hancin. In ka yi mai kyau, yarinyar nan za ta girma ta ga nata ya fita daban a taga, ta ce kakanta bai jira ta ba. Kuma kada kowa ya ji. Ko uwarta."

"Ni, in sa wuƙata in ɓata ice da gangan? Ka kai wa masu injin can na bakin gari mana."

"Inji bai iya kuskure ba. Kai ma ba ka iya ba, amma kai ko banza ana iya koya maka."

Ehrenfried ya ja tsaki, ya cusa icen cikin rigar sanyinsa, ya fita ba sallama.

Ya ɗauka aikin rabin wuni ne. Ina! Ya gwada a kan guntayen ice, duk kan da ya fitar sai hancin ya miƙe sambal, hannunsa ya ƙi yarda a ci mutuncinsa. Kawuna huɗu ya jefa a murhu, kowanne ya fi ƙarfin duk abin da Hartwig ya yi a rayuwarsa. Rana ta uku, don takaici, ya mayar da wuƙar hannun hagu. Ta zame ta yanke shi a babban yatsa, amma hancin ya tafi hagu tsaf. Ya yi dariyar raini shi kaɗai. Ashe sirrin ke nan, ka yi aiki da hannun da bai san komai ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya shiga da mala'ikan a kammale, Kerstin ta tafi sayen magani. Hartwig ya rame har ya zama abin tausayi, amma bakin nan yana nan. Ya daɗe yana jujjuya mala'ikan da hannunsa mai lafiya.

"Hancin ya yi," ya ce. "Yatsun ne suka yi kyau da yawa. Wa ya ce ka fitar da farce?"

"Ji tsohon banza! Kana bakin kabari kana koya mini aiki?"

"Goge su."

Nan bakin gadon Ehrenfried ya zauna ya kankare farcen da ya ɓata awa guda a kansu, ya lafta fenti mai kauri irin na mai gidan. Suka tura shi cikin aljihun tebur. Hartwig ya rufe ido yana murmushi. Asabar da safe ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a falon marigayin ana shan kofi da kek, mala'ikan yana tsakiyar tebur, don Kerstin ta tsince shi. Ehrenfried ya rakuɓe a gefe yana kallon jama'a. Mutanen da ba su taɓa ajiye ko cokalin Hartwig a gidajensu ba, yau su ne masana. Waltraud mai gidan burodi, wadda ba ta bambance linde da katakon akwati, har da share hawaye.

"Ku dubi fuskar nan, don Allah! Yana kwance rai a hannun Allah, amma ya yi wannan. Ehrenfried, kada ka ji haushi, kai gwani ne, amma gaskiya naka ba su da rai irin wannan."

Ehrenfried ya dire kofinsa. Magana ɗaya tak zai yi ya rufe bakin matar nan har abada, kuma ga ta nan a kan harshensa. Sai Kerstin ta matso, jaririyar a kafaɗa. Ta dubi mala'ikan, ta dubi tsumman da ke ɗaure a yatsansa.

"Baba Ehrenfried," ta ce a hankali, "kai ka san aiki. Hannunsa ya mutu tun watan Oktoba. Da gaske Baba ne ya ƙarasa shi?"

Ehrenfried ya ɗauki mala'ikan, ya juya shi wajen haske, ya taɓe baki.

"Dubi hancin nan, yarinya. Dubi hannaye. Duk faɗin ƙasar nan wa zai iya wulaƙanta ice haka in ba ubanki ba?"

Wasu suka yi salati irin nasu, Waltraud ta ce ko mutuwa ba ta sa wasu jin kunya. Kerstin ta karɓi mala'ikan ta rungume tare da 'yarta, ta fashe da kuka.

Ranar Lahadi da yamma, yana share ƙanƙarar ƙofar gidansa, aka kunna kyandirori a tagar maƙwabta. Ya jingina da tsintsiya ya ƙirga. Bakwai ne, sun jeru, kowane hanci ya karkace wajen gidansa.