Hannun Baba Farfesa

Malam yana tura ƙofar zauren majalisar jami'a ya ji an riƙe masa gwiwar hannu. Baba Farfesa ne, tsohon malaminsa.

"Yarona, kwantar da hankalinka. Ajin yamma ba zai mutu ina raye ba. Kai dai zuba wa hannun nan ido."

Dole ya zuba. Riƙon ƙwarya yake yi a sashen karatun yamma, kuma a dokar majalisa mai riƙo yana da kujera amma ba shi da baki, sai wani farfesa ya ɗaga hannu ya ce a ji daga sashen. Yau kuma za a yanke hukunci: a rufe ajin, a mai da ɗakunansa ofisoshin sababbin daraktoci. Ɗaliban kuwa direbobi ne da teloli da masu jinya, mutanen da ke tasowa daga aiki su zauna a benci da gajiyarsu.

Zaman safe duk ya tafi a kan launin rigar yaye ɗalibai da inda kowane babba zai ajiye motarsa. A nan kowa ya yi magana, har da tada jijiyar wuya. Magatakarda ya san aikinsa: abin da ake so ya wuce ba gardama, sai ya ajiye shi dab da abincin rana. Ƙarar farantai ta fara daga ɗakin gefe, ƙamshi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, sannan Shugaban Jami'a ya karanto batun ajin yamma kamar ana korarsa.

"Akwai mai magana?"

Tsit. Malam ya dubi tsohon malaminsa. Can sai hannun ya tashi, a hankali.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba Farfesa, "rabinmu nan masu ciwon suga ne. Ina ba da shawara a amince da sauran a dunƙule, mu je mu gaisa da abin da ke bayan ƙofar can kafin ya huce."

Zauren ya ɗauki dariya. Gudumar Shugaban Jami'a ta sauka, an amince.

A bakin teburin abinci tsohon ya dafa masa kafaɗa. "Ba a gardama da masu jin yunwa, yarona. Za mu dawo da shi ta kwamiti. Ɗauki faranti."

Magatakarda ya gifta yana murmushi. "Farfesa, cikin ɗakunan ajin yamman, wanda ke kallon bishiyoyi muka ware maka."

Baba Farfesa ya sunkuya yana zaɓen nama. Malam ya dubi farantin da aka miƙo masa. Mutumin nan ne ya koya masa riƙon alli, ga kuma idanun manya a kansa. Ya karɓa.

Da yamma ajin ya cika, har da masu tsayuwa a taga. Mai jinyar da ke zama a gaba, ko farar rigarta ba ta cire ba, ta kasa haƙuri.

"Malam, me manya suka ce?"

"An ci abinci."

Suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake. Direban da ke baya ya ɗaga murya: "To Malam, kai ma ka samu rabonka dai ko?"

Malam ya juya ga allo, ya daɗe yana goge wurin da babu rubutu.

"Na samu," ya ce. "Ku buɗe inda muka tsaya jiya."