Ƙa'idar da Ummulkhairi Ta Hana a Goge

Ummulkhairi ce ta rubuta ƙa'idar, tun tana ɗokin aiki: rumbun bayanan gonakin garin Tajaye ba zai karɓi gona ba sai mai ita yana gari da damina. Manhajar ta kowa ce, duk wanda ya iya yana sa hannu ya gyara. Lokacin ba wanda ƙa'idar ta dama, don 'yan cin rani da sun ji ƙamshin ruwan fari sai gida.

Sai aka fara tafiya ba dawowa. Rumbun kuwa ba ya jin lallashi, ya dinga mayar da gonaki. Dole ta dakatar da ƙa'idar. Dakatarwa ba gogewa ba ce. Ƙa'idar tana nan kwance, ranar da aka tashe ta za ta bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, in ta tarar da wadda ba mai ita a gari, ta faɗi sunansa ta ƙi tashi.

Mahamudu, babban mai kula da manhajar, mutum ne da ko tsinke ba ya son gani a aikinsa. Ya same ta a buro, wato ofis, a Illela.

"Ƙanwata, mi amfanin doka mai kwana? Duk sabon da ya shigo aikin ga sai ya yi tuntuɓe da ita. Mu goge ta mu huta."

"Yaya Mahamudu, in munka goge ta, mun ce ke nan ba mu jiran kowa."

"To. In ta ƙi tashi bana, ke za ki goge ta da hannunki."

Bai san wanta Chindo yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Chindo ne ya sayar da tunkiyarsa ya kai ta lakwal, makarantar boko, a Konni, kewarsa kuwa tana cin ta kullum.

Aka yi ruwan fari, aka yi shuka. Maza suka yi ta sauka daga motoci, tana gyara bayanansu. Mahamudu ya dawo, ya tsaya bayanta, ta tashi ƙa'idar. Ƙa'idar ta bi gonaki, ta bi, sannan ta tsaya. Suna ɗaya ta fitar.

Mahamudu ya karanta, ya ga Chindo, ya dubi sunan uban, ya ga na ubanta ne, ya dube ta. Ta riga ta rubuta umarnin gogewa, saura ta danna maɓalli. Ya miƙa hannu ya janye allon rubutun daga gabanta.

"Bar ta ta kwana," in ji shi. "Gero bai ko kai gwiwa ba tukuna."