Kwalaben Marigayiya

Ranar Talata ya kashe aikin matarsa, da hannunsa, bayan ya gama shan shayi.

Kwalaben suna kan kanta a ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin, inda ta kwaso su daga ɗakin gwaje-gwaje lokacin da zuwa aiki ya fara gagararta. Bakin kowace toshe yake da roba, an kuma ɗame da ƙarfe. A ciki akwai wata bakteriya da ta tono daga taɓon wata gona, ta yi shekaru tana lallashinta kafin ta yarda ta rayu a kwalba. Sinadarin farar wuta take sarrafawa, ta saki wari irin na ɓaragurbi. Shi kuwa malamin adabi ne mai ritaya. Ya karanta littattafan da suka cika bango, ban da nata.

"Marayunki sun yi tusa," haka yakan ce.

"Aƙalla su suna aiki, Malam," takan amsa.

Bayan rasuwarta ya daina shiga ɗakin. Ranar da ya shiga, ya tarar ruwan kwalaben ya yi baƙi ƙirin. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sannan ya ɗauko wuƙa, ya ɓamɓare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ya zare robobin, ya wangale taga.

Kwanaki bayan haka Dakta, ƙawar marigayiya kuma abokiyar aikinta, ta zo da akwati don ta kwashe su. Tana leƙawa ta dafe ƙirji.

"Malam! Wa ya buɗe?"

"Ni. Sun ruɓe."

"Ruɓewa? Baƙin nan ai shi ne lafiyarsu! Iskar da suke fitarwa ce ke haɗuwa da ƙarfen da ke cikin ruwan. Sun ci sun ƙoshi ke nan." Ta ɗaga wata kwalba a hasken taga. Saman ruwan ya koma ja-ja. "Iskar da ni da kai muke shaƙa guba ce a wajensu. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

"Mai yiwuwa. Ina karatu."

"Kullum kana karatu."

"To ai kun kwafe kundin halittarsu a kwamfuta," ya ce. "Na ji tana murna. Ku sake ƙera su mana."

Dakta ta yi wata dariya mara daɗi. "Kundin ya nuna suna da hanyar mayar da gubar da ke cikin ƙasa ta koma abincin shuka. Ya nuna ne kawai. Sai da mai rai za a gwada ko gaskiya ne. Gonar kuma an malala mata siminti, tashar mota ce yanzu."

Duk da haka ta mayar da robobin, ta jera kwalaben a akwati. Ta ce za ta gwada, cikin muryar da likitoci ke cewa za su yi iya ƙoƙarinsu. Ya san muryar.

Ya raka ta bakin matakala. Ba ta waiwayo ba. Ƙarar kwalaben ta yi ta sauka har ta ɓace, shi kuma yana riƙe da ƙofa, da maganar da bai gaya mata ba a bakinsa: ciwon huhu ne ya kashe matarsa. A lokacin yana zaune a gefen gadonta tana fizgar numfashi, tana nuna masa taga, ya buɗe duka, bai ƙara mata komai ba. Bai iya ganin wani abu nata a toshe ba.