Agadas ko Jenne

Ranar da Mashkura ta dawo daga kasuwar Lolo da labarin, saura kaɗan Arzika magini ya faɗo daga kan katanga. Tun daga ƙasa ta ɗaga masa murya, wai albasarta ta bana ta karɓu a wajen 'yan Benin, kuma ta yi alkawari: tafiya ɗaya, gari ɗaya, shi zai zaɓa, ita za ta raka shi. Ko Agadas mai doguwar hasumiya, ko Jenne mai babban masallacin ƙasa.

Ai fa tsoho ya sauko da laka har gwiwar hannu, yana dariya yana sa wa 'yarsa albarka. Shekara arba'in yana ginin ƙasa a Sharabi, bai taɓa wuce Malanbil ba, amma in ya fara zancen ginin waɗannan garuruwa sai ka rantse shi ya aza tubalinsu. Kafin la'asar duk unguwa ta ji. Matarsa Dela ta ce ko ranar aurensu bai yi wannan rawar ƙafa ba.

Sai dai akwai abin da Arzika ya ɓoye wa mutan gidansa. Idonsa na mutuwa. Likita a birni ya gaya masa ciwon daga gefe yake cin gani, yana matsowa tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu duniya yake gani kamar mai leƙe ta bakin tulu. Ba wanda ya lura, don shi dama da tafin hannu yake duba bango. Ya san sarai wannan tafiya ita ce babban kallonsa na ƙarshe, kuma abin na ba shi tsoro.

Kowa ya ɗauka Jenne zai ce. To, ina wani zaɓi? Shekara talatin ya ishe su da labarin ranar yaɓe: yadda sau ɗaya a shekara, gab da damina, gari duka ke fitowa, mata na ɗebo ruwa, maza na gudu da kwandunan laka, ana hawa itatuwan da ke jikin bango ana shafe masallaci kafin rana ta take. Har cewa yake in ya sa hannu a wannan yaɓe, mutuwa ta zo ba komai. Mashkura ma ta riga ta tambayo direbobin Lolo hanya, an ce mata ranar yaɓen sai nan da wata biyar.

Wata biyar! Arzika ya kwana uku yana juya maganar. Mashkura ta nuna masa hotuna a waya, ya kai su dab da hanci, yana ta yaba su da ƙarfi don kada a gane. Na Jenne faɗi gare shi, sai ya bi shi da kai daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya haɗa shi. Ita kuwa hasumiyar Agadas, siririya, doguwa, kallo ɗaya ta shige masa ido gaba ɗaya.

Da safe, suna shan kunu, ya ce Agadas. Kuma jibi.

Mashkura ta ajiye ludayi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ce shekara talatin ana cika musu kunne da Jenne, yau an kawo masa ita har gida ya ce a'a? Ko yana ganin ba za ta iya ɗaukar nauyin tafiyar mai nisa ba ne?

Arzika ya miƙa hannu gefensa, inda Dela ke zaune.

"Ɗiyata, uwarki na nan, ko? Ina jin numfashinta. Amma ban ganin ta."

Ya gaya musu komai, har maganar likita. Dela ta hau salati, Mashkura ta fashe da kuka tana tambayar don me ya yi shiru.

"Bar kuka. Yaɓe aikin hannu ne, ko makaho a aza shi bisa itace sai ya shafa laka. Jenne za ta jira ni. Amma hasumiya ba a ganin ƙarshenta da hannu."

Jibin suka tashi. Suka ƙetara ta Benin, suka hau gadar Malanbil zuwa Gaya, suka bi Doso da Tawa, kwana biyu cikin mota. Tsoho bai bar fasinja ko ɗaya ya huta ba, kowa sai da ya ji inda za shi da abin da za shi gani.

Da hantsi Mashkura ta tsayar da shi a filin da ke gaban masallacin Agadas, ta kama kafaɗunsa ta juya shi. Ya ɗaga kai a hankali. Ga hasumiyar nan, ja, ƙasa tsantsa, itatuwa sun fito mata ta ko'ina, tana tsukewa tana hawa. Ya bi ta da ido tun daga gindi har can sama, har hularsa ta faɗi baya bai sani ba.

"Baba, kana ganin ta?"

"Duka, ɗiyata. Kamar daidai idona aka gina ta."

Ta sunkuya ta ɗauki hular, ta riƙe masa. Ba ta ce su tafi ba sai da aka kira azahar.