Askin da aka yi wa Mmatsekiso

Sista Mokhele ce ta kwantar da Mmatsekiso, ba tsufa ba, ba kuma ciwon mantuwar da ke damunta ba. Ita ce shugabar gidan kula da tsofaffin da ke gefen garin Phuthaditjhaba a Afirka ta Kudu, kuma ita ta ce a ɗauko injin aski a bi kawunan matan gidan kamar na tumaki, wai ƙwarƙwata ta shigo. Ba a tambayi kowa ba.

Pulane, ƙanwar Mmatsekiso, ba ta san an yi ba sai ran Lahadi da ta zo da kunun dawa mai tsami. Ta tarar da gado ba katifa. Katifar na ƙasa a lungun ɗaki, yayarta na zaune a kai ta lulluɓa da bargo, ta fuskanci bango. A al'adarsu mace ba ta irin wannan zaman sai an yi mutuwa a gida.

"Yaya, wa ya sauko miki da katifa?"

"Ni na ja abata." Muryar ta dushe. "Yaushe kuka binne shi?"

"Wa?"

"Kada ki mai da ni yarinya, Pulane, ni na goya ki."

Ta zame ɗankwali. Kai tas, har da 'yan yanka a bayan kunne. Pulane ta gane nan take. A wajensu ba a sa wa gashin mace aska sai an dawo daga maƙabarta, kuma duk duniya ɗa guda ya rage wa Mmatsekiso: Tsekiso, da ke aikin haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa a Rustenburg. Tsohuwa ta shafa kai ta ji ba gashi, ta yanke cewa rami ya rufta da ɗanta ana ɓoye mata. Tun ranar ba ta sa komai a baki ba sai ruwa.

Pulane ta kira shi a waya, ta kanga wa yayarta a kunne.

"Mama, ni ne. Ina nan da raina, sai ma ƙaton ciki da na ajiye."

"Tsekiso? Kana cin abinci?"

"Ni da ke wa ya kamata a tambaya? Ki sha kunun nan, ƙarshen wata ina tafe."

Ta yi 'yar dariya, ta karɓi cokali uku ko huɗu. Pulane ta juya ta rufe kwano. Kafin ta waigo, hannun tsohuwar ya koma kai, yana shafawa a hankali. Wayar ta riga ta gushe mata, askin kuwa yana nan.

"Yaushe kuka binne shi?"

Pulane ta fizge nata ɗankwalin, ta sunkuya. "Duba furfurata, Yaya. Da Tsekiso ya mutu, zan bar gashi a kaina?"

Mmatsekiso ta taɓa gashin, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta janye hannu.

"Ashe ko makokinsa ba ki yi ba."

Ta juya wa bango, ta ja bargo har ka.

Pulane ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba. Sista Mokhele na shan shayi, takalmanta a cire a ƙarƙashin tebur.

"Kaka, zauna mana, ki huta."

"Ni ba kakarki ba ce. Wa ya ce ki aske ta?"

"Ƙwarƙwata ce. Ma'aikatana ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, wa zai zauna yana tsefe kowane kai? Gashi ne, zai fito."

"Yaushe? Kin ga wuyan hannunta? Kafin ya fito ita ta tafi."

"In ta ci gaba da ƙin abinci za mu kai ta asibiti a yi mata ƙarin ruwa."

"Ruwa zai gaya mata ɗanta na raye?" Pulane ta dafa tebur. "Ran da aka binne ubanki ina wurin. Washegari na ga kanki kamar bayan ƙwarya. Kin san abin da aski ke nufi sarai, sai dai da kika dube ta ba ki ga uwar wani ba, kin ga kai mai ƙwarƙwata. Da kin aiko, da na zo da mataji da man kaina na tsefe ta."

Sista Mokhele ta ajiye kofi. Pulane ta ci gaba:

"Ni ban yi makaranta ba, amma na san wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Sa takalmanki. Za ki je ki zauna a ƙasa gefen katifar nan, ki ce mata da bakinki ke kika aske ta, ba mutuwa aka yi ba. In ta manta ki sake faɗa, gobe ma haka, har ta ci abinci. Ƙarshen wata kuma Tsekiso zai tsaya a nan inda nake tsaye, ko ya tarar da uwarsa ko bai tarar ba, ke za ki amsa masa. Tashi, ina jiranki."