Kwalbar da Aka Ɗebo Daga Gida

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Dakta ta zuba koren rini a ramin da tsohon kamfanin batir ke zubar da ruwan dattinsa. Aikinta ke nan, bin sawun ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Rinin ba ya cutar da kowa, amma duk rijiyar da ya ɓulla a cikinta, to gubar dalma ma ta san hanyar.

Da hantsi ita da Dogo, mai kula da na'urorin ɗakin gwaji, suka jera kwalabe goma sha biyu na rijiyoyin unguwar kamfanin. Ƙa'ida ce a fara da tsabtataccen ruwa, don na'ura ta san inda babu komai. Injin tace ruwansu kuwa ya yi sati yana barci, sai Dakta ta ciko kwalba a famfon gidanta. Rijiyar burtsatsen da famfon ke ja, ita ta auna shekarun ruwanta da kanta: dubu huɗu, kulle ƙarƙashin yumɓu. Har gori take yi wa masu sayen ruwan roba, da shi kuma ake dama wa jaririnta madara.

Dogo ya sa kwalbar gidan, ya danna. Allurar na'urar ta tashi.

"Dakta, na'urar nan fa ta fara tsufa irina," ya ce yana dariya. "Wai ta ga rini a ruwan da babu komai."

"Wanke bututun. Hannunka ne."

Ya wanke, ya sauya safar hannu, ya sake. Allura ta koma daidai inda ta tsaya ɗazu. Dariyar ta ɗauke masa.

"A ina kika ɗebo wannan?"

Dakta ta miƙe. Ta ja labule, ta haska kwalbar da shuɗiyar fitilar gwaji. Ruwan ya yi sheƙi kore-kore, kaɗan dai, amma ga shi nan. Tsoro ya kama ta. Tsakanin ramin da gidanta kilomita biyu ne, rini ya ci su a kwana goma sha ɗaya. Wato wani wuri bututun rijiyar ya tsage, kuma rabonta da auna ruwan shekara uku. Kamfanin ya fi shekara ashirin yana zuba.

Nan take ta kira mahaifiyarta, wadda ke riƙe mata yaron. Sai a kira na uku aka ɗauka.

"Mama, kada ku taɓa famfo! Kina jina? Kada a ba shi komai!"

"Ke 'yar nan, kin cika azarɓaɓi. Hannuna ne ba sarari, shi ya sa ban ɗauka ba. Tsaya ki ji mutumin naki."

Mama ta kara wayar a bakin yaron. Dakta ta ji shi sarai, yana zuƙar madararsa, ƙwat, ƙwat, ko numfashi ba ya tsayawa yi.